Angus Buchanan da Lissafin Namun Dajin Damagaram

Sharhin na yau ya shafi rayuwa da aikin Angus Buchanan, Bature ɗan ƙasar Sikotlan, wanda ya taso daga Kano a kan raƙumi a farkon shekarar 1920, ya sauka a Zinder, ya ratsa Damargu har ya kai duwatsun Abzin, yana tattara tsuntsaye da dabbobi da ƙwari, yana ɗaukar hotuna, yana rubuta abin da idonsa ya gani. Irin wannan mutum shi ake kira masanin halittu, wato wanda ya ɗauki sanin rayayyun abubuwa a matsayin sana'a, yake bin su har inda suke kwana da inda suke kiwo domin ya tantance siffarsu da halinsu da iyakar ƙasar da ake samunsu. Sunan Buchanan bai shahara a Damagaram kamar na Barth ko na Cazemajou, Turawan da suka riga shi zuwa, ba, domin shi bai zo da wasiƙar sarki ba, bai kuma zo da runduna ba, amma abin da ya bari a rubuce yana cikin mafi daɗewar cikakken lissafi na namun dajin da ke tsakanin Kano da Agadas, kuma darajar wannan lissafi sai ƙaruwa take yi gwargwadon yadda dajin yake ƙarewa.

An haifi Buchanan a shekarar 1886 a tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotlan, ƙasar sanyi da iska da tsuntsayen teku. Yana saurayi ya tafi Kanada, kuma a 1914 ya yi doguwar tafiya cikin kwalekwale a koguna da tafkunan arewacin lardin Saskatchewan yana tattara tsuntsaye, har Yaƙin Duniya na Farko ya katse masa aikin. Ya koma ya shiga soja, aka tura shi Gabashin Afirka inda Ingilishi ke gwabzawa da Jamusawa, ya kai muƙamin kyaftin, ya sami lambar jarumta da ake kira Military Cross. Ko a fagen yaƙin bai bar halinsa ba, domin wani ɗan tsuntsu dangin kanari da ya samo a can an raɗa masa suna Serinus buchanani a 1919. Daga waɗannan shekaru ya fitar da littattafai biyu, ɗaya a kan yaƙin Gabashin Afirka a 1919, ɗaya a kan dajin Kanada a 1920, saboda haka lokacin da ya doshi ƙasar Hausa ya riga ya saba da tafiyar wahala, ya iya harbi, ya iya fiɗa, ya kuma iya alƙalami.

Wanda ya aiko shi wani attajiri ne na Ingila, Walter Rothschild, ɗan gidan masu banki da aka sani a duk Turai, wanda ya juya wa harkar kuɗi baya ya zuba dukiyarsa cikin tara halittu. Ya gina gidan adana halittu a garin Tring, arewa maso yamma da Landan, ya buɗe shi ga jama'a a 1892, kuma a wannan shekarar ya ɗauki wani Bajamushe masanin tsuntsaye, Ernst Hartert, ya damƙa masa kula da tsuntsayen gidan. Shi Hartert ba baƙon ƙasar Hausa ba ne, domin a 1885 da 1886, yana matashi, ya yi tafiya tare da Paul Staudinger har Kano da Sakkwato, kafin Turawa su ci ƙasar. Daga baya shi da Rothschild sun yi ta zuwa Aljeriya suna nazarin tsuntsayen gefen hamada na arewa, har Hartert ya kai In Salah a 1912. Ke nan sun san bakin Sahara na arewa da idonsu, sun kuma san wani abu na ƙasar Hausa a kudu, amma tsakanin nan, wato Damagaram da Damargu da Abzin, babu abin da ke cikin akwatunansu.

Wannan giɓi yana da muhimmanci saboda wata tambaya da ta daɗe tana damun masana. Tun 1858 wani masanin tsuntsaye na Ingila, Philip Sclater, ya kasa duniya gida shida bisa ga irin tsuntsayen da ke zaune a kowane yanki, ya sanya Turai da arewacin Asiya da Afirka ta Arewa a gida ɗaya, ya sanya Afirka ta kudu da hamada a wani gidan dabam. Kowa ya yarda iyakar gidajen biyu tana cikin Sahara, amma ba wanda zai iya nuna inda take. Duwatsun Abzin, waɗanda tsayinsu ya kai mita 2,000 a Bagzan, suna tsaye a tsakiyar wannan gardama: idan tsuntsayensu irin na Aljeriya ne, to iyakar ta sauko kudu kusa da Damargu, idan kuwa irin na Kano da Zinder ne, to iyakar tana can arewa. Ba a warware irin wannan magana da hasashe, sai an je an ɗauko tsuntsun an aza shi kusa da ɗan'uwansa an gwada fiffike da baki da launi, kuma wannan shi ne aikin da aka ba Buchanan.

Ya sauka Legas a ƙarshen 1919, ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano, wanda layin dogo ya isa tun 1911, ya yi zango a Fanisau yana gwada kayan aiki yana kuma koyon Hausar da za ta fisshe shi a hanya, sa'an nan ya ɗaura kaya ya nufi Zinder, tafiyar kilomita kusan 240. Zinder da ya tarar ita ce hedikwatar yankin sojan Faransa na Nijar, matsayin da ta riƙe daga 1911 har 1926 lokacin da aka mayar da mulki Yamai. Ganuwar da Sarki Tanimu ya ɗaukaka a ƙarni na 19 tana nan kewaye da Birni, Zango na nan inda fataken Abzin da na Tarabulus suka saba sauka, barikin Faransawa kuma na kan duwatsu yana kallon garin duka. Sai dai birnin yana cikin rauni. Shekara 21 ke nan da kashe Sarki Amadu Kuran Daga a 1899, Faransawa sun tuɓe Amadu ɗan Basa a 1906 sun bar sarauta a hannun wakili, kuma cinikin hamada, wanda ya yi wa Damagaram arziki, ya karkata zuwa jirgin ƙasan Kano da teku. Daga cikin hajojin da suka riƙe wannan ciniki a da akwai gashin jimina, wanda ake saye daga maharban Damargu, a ɗaure shi a Zinder, a kai shi Tarabulus, daga can ya wuce Faransa da Ingila ya zama adon hulunan mata. Kasuwar gashin ta faɗi warwas wajen 1914, kuma ana iya cewa faɗuwar ta ba jiminar ƙasar ɗan jinkiri na shekaru, ko da yake ba domin tausayi aka yi ba.

Yana da kyau a fahimci yadda aikin irin su Buchanan yake gudana a zango, domin a nan ne gwaninta da wahala suke. Da asuba ake fita da ƙaramar bindiga mai ƙananan harsasai domin kada a lalata gashin tsuntsu, a dawo kafin rana ta yi zafi, sa'an nan a zauna fiɗa. Ana tsaga cikin tsuntsun, a zare nama da ƙashi a bar ƙoƙon kai da ƙasusuwan fiffike da ƙafa, a shafa wa fatar sabulu mai guba domin ƙwari kada su ci, a cusa auduga har ya dawo da siffarsa, a ɗaura masa 'yar takarda a ƙafa mai ɗauke da kwanan wata da sunan wurin da aka harbe shi, da bayanin ko namiji ne ko mace, da launin idonsa da bakinsa da ƙafarsa, domin waɗannan launuka suna dusashewa bayan mutuwa. Wannan fata mai takarda ita ake kira samfuri, kuma samfurin da takardarsa ta ɓace ba shi da amfani ga masani komai kyansa. Ga ƙananan dabbobi kamar ɓeraye ana kafa tarko da yamma a duba da sassafe kafin tururuwa ta riga mai tarko, malam-buɗe-littafi kuma ana naɗe shi cikin takarda mai kusurwa uku. A ƙasar da majema da dukawa suka yi suna kamar Zinder, sarrafa fata ba baƙon abu ba ne. Abin da ya bambanta shi ne manufar, domin majemi yana gyara fata ta zama jaka ko sirdi, shi kuwa wannan yana gyara ta ta zama hujja.

Daga Zinder ya hau arewa zuwa Damargu, inda daji mai ƙaya ke sirancewa har ya miƙa wuya ga hamada, kuma a nan ne ya sha wahalar da ya keɓe wa babi guda a littafinsa, wato farautar jimina. Jimina tana da tsawon wuya da kaifin ido, tana hango mutum kafin ya hango ta, tana kuma da gudun da doki ba ya cim mata cikin sauƙi, don haka mai binta da ƙafa cikin zafin bazara, ga karangiya ga ƙarancin ruwa, yakan yi kwanaki yana bin sawu ba tare da ya ɗaga bindiga ba. A irin wannan aiki Bature ba ya tsinana komai sai da maharbin ƙasar, wanda ya san sawun jiya da na yau, ya san rijiyar da ke da ruwa da wadda ta ƙafe, ya san ciyawar da barewa ke bi bayan ruwan farko.

Abin da ya aika Ingila ya shiga hannun masana huɗu, suka bayyana shi a 1921 cikin mujallar gidan Tring mai suna Novitates Zoologicae. Hartert ya ɗauki tsuntsaye, Oldfield Thomas da Martin Hinton na gidan adana halittu na Landan suka ɗauki ƙananan dabbobi masu shayarwa, Rothschild da kansa ya ɗauki manyan dabbobi da malam-buɗe-littafi. Tsarin da suke bi na raɗa suna ya samo asali daga Linnaeus, masanin Suwidin na ƙarni na 18: kowace halitta tana da suna biyu da Latin, na farko na dangi, na biyu na jinsi, idan kuma jinsin ya ɗan bambanta daga wata ƙasa zuwa wata sai a ƙara na uku, wanda ke nuna reshen jinsi. Ta wannan hanya ƙasar nan ta shiga littattafan duniya. Ragon dutse na Abzin ya zama Ammotragus lervia angusi, da sunan Buchanan na yanka. Remar duwatsun Abzin ta ɗauki sunan buchanani. Wata yanyawa ta Damargu aka ba ta sunan Hartert. Babbar barewar nan fara mai jan wuya, wadda masana ke kira dama, aka raɗa wa reshenta na nan damergouensis, wato ta Damargu. Wani yautai mai ruwan zinariya, tsuntsun dare da ke kwanciya a ƙasa har a kusa taka shi ba a gan shi ba, aka bayyana reshensa daga wannan yanki da sunan simplicior. Wasu daga cikin sunayen sun tsaya har yau, wasu kuma masanan baya sun haɗe su da waɗanda aka riga aka sani, kamar yadda ya faru da wani ɗan ɓera mai kumatu na wajen Kano da aka fara ɗauka sabon jinsi ne. A kan babbar tambayar kuwa, tsuntsayen sun nuna cewa Abzin ya fi karkata ga Afirka ta kudu da hamada, ko da yake akwai waɗanda suka sauko daga arewa suka zauna, saboda haka iyakar da Sclater ya zana tana arewa da duwatsun.

Abzin da Buchanan ya shiga a 1920 ƙasa ce da yaƙi ya share. A Disamba 1916 Kawusan, jagoran tawayen Abzinawa, da mayaƙansa sun kewaye barikin Faransawa a Agadas, aka yi ta riƙe-riƙe har Maris 1917 lokacin da rundunar taimako ta iso daga Zinder, kuma ramuwar da ta biyo baya ta kashe malamai da talakawa, ta kwashe raƙuma, ta kori jama'ar duwatsu zuwa kudu. Saboda haka garuruwan da ya wuce a arewacin Abzin da yawansu kufai ne, gidajen dutse a tsaye babu mai kwana a ciki. Ya kwatanta wannan kufai da idon mai lura, amma bai zurfafa wajen faɗin wanda ya jawo shi ba, abin da ba zai ba da mamaki ba ga mutumin da ke tafiya da izinin Faransawa da rakiyarsu. Wanda ke son ɗaya ɓangaren labarin sai ya nemi littafin da masanin tarihin Damagaram, André Salifou, ya wallafa a 1973 a kan tawayen Kawusan.

Labarin wannan tafiya ta farko ya fito a Landan a 1921 da sunan Out of the World North of Nigeria. A 1922 Buchanan ya dawo da babban buri, wato ya ƙetare Sahara gaba ɗaya daga Kano zuwa Aljeriya, wannan karon tare da mai ɗaukar hoton majigi, T. A. Glover, kuma a sashen Abzin na tafiyar suka haɗu da Francis Rodd, wanda daga baya ya rubuta sanannen littafi a kan Abzinawa. A kakar wannan shekara suka shiga ayarin gishiri, wanda ke tashi daga Abzin da dubban raƙuma ɗauke da hatsi da harawa, ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya komo da kantun gishiri da dabino, har kayan su gangaro kasuwannin Damagaram da Kano. Daga nan suka nufi arewa ta duwatsun Ahaggar, suka isa Tuggurt a Aljeriya a Yuni 1923, bayan tafiyar da ta haura shekara guda da nisan mil kusan 3,500. Raƙumin hawansa, Farin Gashi, ya kai shi har ƙarshen hanya sa'an nan ya mutu, kuma shi ya sadaukar wa littafinsa na biyu a kan yankin, mai suna Sahara, wanda ya fito a 1926. Hoton majigin kuwa an nuna shi a Landan a 1924.

A nan ne ɓangaren Buchanan na mai hoto ya fito fili. Kafin zamaninsa, wanda ke son ya nuna wa duniya kamannin tsuntsu sai ya nemi mai zane, mai zanen kuma sau da yawa bai taɓa ganin tsuntsun da rai ba, daga busasshiyar fata yake kwaikwayo. Kyamara ta canja wannan, amma da tsada: akwati ne mai nauyi a bayan raƙumi, yashi na shiga cikinsa, zafi na ɓata fim, dabbar hamada kuma ba ta tsayawa, don haka mai hoto yakan ɓuya kusa da sheƙa ko bakin ruwa ya yi ta jira. Ya kamata a faɗa, ko da a gefe ne, cewa zanen namun daji a wannan ƙasa ya girmi kyamara da dubban shekaru, domin a Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a kan dutse, babban ya haura mita 5, waɗanda masana ke kimanta shekarunsu da 6,000 ko fiye, kuma wanda ya sassaƙa su ya san dabbar sani na ƙwarai, tun daga zanen fatarta har zuwa yadda take ɗaga kai.

Idan aka zo ga hukunci a kan littattafansa, adalci ya wajabta a faɗi abu biyu. Na farko, marubuci ne mai haƙurin lura, ba ya ƙara gishiri a kan yawan dabbobin da ya gani, yana faɗin ranakun da ya fita ya dawo hannu wofi, kuma wannan gaskiyar ce ta sa masana na yau ke iya dogara da shi. Na biyu, ɗan zamaninsa ne, zamanin mulkin mallaka, kuma yadda yake magana a kan Hausawa da Abzinawa ya haɗa yabo da raini irin na mai ganin kansa a sama. Akwai kuma rashin daidaito da ya fi wannan zurfi. Sunan Buchanan da na Hartert da na Rothschild sun manne wa dabbobin ƙasar har abada, amma madugan da suka san hanya, da maharban da suka nuna sawu, da yaran aikin da ya ɗauka a Legas da Kano suka koyi fiɗa suka yi ta yi wata da watanni, ba su sami ko harafi ɗaya a cikin sunayen Latin ba. Biyu daga cikinsu, Ali da Sakari, sun ƙetare hamadar tare da shi har ƙarshe, har suka ga Ingila, kuma saboda ya ambace su ne kawai aka san da su. Dabbar da masanin Tring ya kira sabuwa, maharbin Tanut ya gaji sunanta da hanyar kama ta daga kakansa.

Idan aka zarge shi da cewa shi ma mai kashe dabba ne, amsar ba ta da wuya. Gaskiya ne duk samfurin da ya tara rai ne aka ɗauke, kuma masanan yau, da suke da kyamara mai ɗaukar hoto da kanta da na'urar bin sawu ta tauraron ɗan'adam, ba sa bukatar yin haka sai nadiran. Amma ba bindigar mutum ɗaya mai tafiya a kan raƙumi ce ta ƙarar da dajin ba. Abin da ya ƙarar da shi ya bayyana ne a daidai lokacin da Buchanan ke tsakiyar tafiyarsa ta biyu, domin tsakanin Disamba 1922 da Janairu 1923 motocin kamfanin Citroën suka ƙetare Sahara daga Tuggurt zuwa Tumbutu cikin kimanin mako uku. Dabbar hamada tana tsira ne da nisa da juriyar ƙishirwa, mota kuwa ta soke nisan, ta kuma iya bin garke har ya faɗi don gajiya. Da aka haɗa mota da bindiga mai sarrafa kanta, da rijiyoyin burtsatse da suka kai dabbobin gida makiyayar da a da ta namun daji ce kaɗai, da farin 1973 da na 1984, da faɗaɗa gonaki zuwa arewa, da baƙin da ke zuwa daga ƙasashen waje farautar tuji da shaho, sai lissafin Buchanan ya koma ma'aunin asara.

Mariri, farar dabbar nan mai dogon ƙaho lanƙwasasshe wadda a da ake ganin garkenta a arewacin Damargu, an ayyana a shekarar 2000 cewa ta ƙare a daji a duniya baki ɗaya, sai da aka dawo da waɗanda aka kiwata a tsare aka sake su a Chadi daga 2016, har matsayinta ya ɗan gyaru a 2023. Jiminar Abzin mai jan wuya ta kusa shafewa a rikicin tawaye na shekarun 1990. Barewar dama ba ta wuce 'yan ɗaruruwa ba a dajin duniya duka, kuma wani kaso nata yana duwatsun Termit a jihar Zinder. Dabbar da masana ke kira addax, mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda ke iya daɗewa ba ta sha ruwa ba, mafakarta ta ƙarshe ita ce yashin Tin Tumma, kuma wani bincike da aka yi ta sama da ta ƙasa a 2016 guda 3 kacal ya gani, bayan shekarun da aikin man fetur na Agadem ya kawo motoci da masu bindiga yankin.

Ba a zauna haka kawai ba. Gwamnatin Nijar ta kafa gandun Abzin da Tenere a 1988, hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon duniya a 1991, sa'an nan a 2012 aka kafa gandun Termit da Tin Tumma mai faɗin murabba'in kilomita kusan 97,000, ko da yake an sauya masa iyaka a 2019 saboda filayen mai. A Kelle, cikin ƙasar Gure, akwai cibiyar kiwon jimina mai jan wuya da nufin mayar da ita daji, wadda jama'ar wurin ke gudanarwa tare da ƙungiyar Sahara Conservation, a Gadabeji ta jihar Maraɗi kuma an kai raƙuman dawa 8 daga Kure a 2018. Manoman Matamaye da Magarya da Mirya su ma sun nuna abin da ƙasa ke iya yi idan aka ba ta dama, domin barin gawo da sauran itatuwa su tsiro a gona ya mayar da inuwa ga miliyoyin kadada, kuma inda itace ya dawo tsuntsu na dawowa. Duk mai irin wannan aiki yana bukatar sanin abin da ke wurin a da kafin ya san abin da zai mayar, kuma nan ne takardun ƙafar tsuntsayen Buchanan suke amfani.

Matsalar ita ce waɗannan takardu suna nesa. A 1932 Rothschild ya sayar da mafi yawan tsuntsayensa, fata kusan 280,000, ga gidan adana halittu na birnin New York a Amurka, saboda haka tsuntsun da aka harba a bayan ganuwar Zinder a can yake kwance cikin aljihun tebur, dabbobi masu shayarwa kuma suna Ingila. Buchanan ya rasu a 1954, littattafansa da Ingilishi suke, harshen da ba shi ne na makaranta a Nijar ba, balle na gida. A ɗaya gefen kuma, ilmin da ya ciyar da aikinsa tun farko, wato na maharba da makiyaya da madugai, yana tafiya tare da tsofaffin da ke riƙe da shi, kuma yaron da ya tashi a Zinder yau zai iya kammala makaranta bai san bambancin mariri da barewa ba, domin bai ga ko ɗaya ba, ba a kuma rubuta masa ba.

Saboda haka kira ya tafi ga Jami'ar André Salifou ta Zinder, da fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, da ma'aikatan gandun daji, da gidajen rediyon jihar. A nemi kwafin hotuna da takardun samfuran da ke New York da Landan da Tring, abin da intanet ta sauƙaƙa ƙwarai a yau. A fassara babin Zinder da na Damargu zuwa Hausa da Faransanci tare da sharhin da zai gyara inda marubucin ya karkace. A tura ɗalibai wajen sarakunan baka da tsofaffin maharba na Tanut da Gure da Tasker da na'urar ɗaukar murya, su rubuta sunan kowace dabba da kowane tsuntsu da wurin da aka yi masa ganin ƙarshe, a kuma rubuta sunan wanda ya ba da bayanin a kan aikin. Masu sauraro da ke da dattijo maharbi a gida ko a unguwa, su fara da shi tun yana iya magana.